Kwandon Usta Shauƙi

Damanhur, 9 ga Ramadan

Ɗana Midhat,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da matarka Nirmin, kuma azumi a zafin Kuwait bai galabaitar da ku ba. Mu nan sai godiya.

Da hannu na rubuto, zan ɗauki hoton takardar in turo maka, don ka san babanka: ƙafa da hannun dama ne suka shanye, kunne kam sai abin da ya ƙaru. Duk abin da na faɗa a waya yana jina daga ɗaki.

Na ji maganarka, cewa in Sallah ta zo bai iya sauka daga benen nan ba, mu sayar mu koma gidan ƙasa a sabuwar unguwa. Ban ga laifinka ba. Wata bakwai ke nan rabonsa da titi. Likita ya ce ƙafar za ta ɗauke shi, shi ne dai ba ya son a ga Usta Shauƙi, da ya tuƙa jirgin ƙasa shekara talatin, yana jan ƙafa. Amma Midhat, wa ya sani a can? Tsorona kada a raba shi da layin nan ya yi shiru, shirun da ba zai ƙare ba.

To, ga wani abu. Cikin shirye-shiryen talabijin na azumin bana akwai wani na gawarwaki masu tashi suna bin mutane da cizo, wanda suka ciza shi ma ya zama irinsu. A'uzu billahi, a cikin wata mai alfarma! Na ce a canza tasha, ya ce in bar masa. Mutum takwas ne suka tsira suna neman hanyar teku, cikinsu har da wani tsoho mai sanda, Ammu Sabir. Ran nan da gawarwakin suka ɓullo suna jan ƙafa, babanka ya nuna su da haɓa ya ce, "Insaf, ga 'yan ajinmu nan." Na yi kamar zan duba miyar lalo, na shige kicin na sha kukana.

Ka san gidan shayin Ragab a ƙarƙashin barandarmu yake. Ana gama shirin musu ke ɓarkewa. Jiya muka ji Hilmi mai aski yana ɗaga murya, wai kwana huɗu ke nan ana zaune a gidan burodi ɗaya ana ta surutu, labari bai matsa ko nan da can ba, duk saboda tsohon nan mai sanda. Wai a bar wa gawarwakin shi kowa ya huta. Babanka ya ce in miƙo takarda. Da hannun hagu ya yi rubutun, na sa a kwandon da muke zura wa mai burodi da igiya, na saukar. Cewa ya yi, "Hilmi, kai da ko kyankyaso ka gani sai ka haye kujerar aski." Sai ihun dariya! Kwando ya dawo da amsa, da yankan kunafa mai zaƙi don buɗa-baki.

Ka gaida Nirmin. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka,
Insaf

Damanhur, 22 ga Ramadan

Midhat ɗana,

Gaisuwa mai yawa. Yaya murar da ka ce tana damunka? Ka daina kwana a gaban na'urar sanyi, ka ji na gaya maka.

Kwandon nan ya kusa cire mini kafaɗa. Wata rana sau bakwai yake sauka tsakanin buɗa-baki da asham. An yi musu a kan likitar cikin shirin, wai kuka ya yi mata yawa. An yi a kan mahaucin da kowa ke so, babanka ya ce ƙarfi ne kawai, kan babu komai. Shi ma ya yarda shirin yana jan jiki: labarin kwana goma ne aka miƙe shi don dole ya cika kwana talatin na azumi, kamar yadda nake tsinka miya in baƙi sun yi yawa. Amma Ammu Sabir kam ba a taɓa masa shi. Ya ce tsohon ne kaɗai ke auna ruwan sha, shi ne kuma ya san cewa bin layin dogo ya fi bin titi. Har aski ya ce in yi masa.

Sai na lura da abin da ya tayar mini da hankali. Kwandon ya zama ƙafarsa. Hira na hawowa har gado, to me zai sauka ya yi?

Kada ka yi mini faɗa. Ranar Asabar na je shagon Hilmi na roƙe su, shi da Ragab, kada wanda ya ƙara amsa takardarsa. Hilmi ya dafe ƙirji ya ce, "Maman Midhat, so kike ya tsine mana a goman ƙarshe?" Na ce ya tsine ɗin, ni na ɗauka.

Yau kwana uku kwando na dawowa wayam. Ran farko ya ce ko ba su gani ba ne, in girgiza igiyar. Jiya bai rubuta komai ba, waken sahur ma cokali biyu ya ci. Wallahi ban sani ba ko gyara na yi ko ɓarna. Ka sa mu a addu'a.

Mamanka,
Insaf

Damanhur, 28 ga Ramadan

Midhat,

Salamu alaikum, da fatan kuna lafiya. 

A shirin jiya abokan tafiyar suka lallaɓa suka bar Ammu Sabir yana barci a wata tashar jirgi, da gorar ruwa ɗaya a gefensa. Kafin in rufe baki sai tafi daga ƙasa, Hilmi yana ihu da gangan don a ji a sama: "Madalla! Yanzu labari zai yi gudu!"

 Sai babanka ya ce, "Jallabiyata da takalmi."

Matakala sittin da biyu, Midhat. Na kai hannu zan riƙe shi, ya ce, "Matsa." Haka na bi shi a baya da hannuwa a buɗe kamar mai tarar jariri. Sau biyu yana zama ya huta. Maƙwabta suna buɗe ƙofa, in sun ga shi ne sai su mayar a hankali don kada ya ji kunya. Ana kiran isha'i ya taka titi.

Ya doshi gidan shayi. Hilmi ya miƙe, idonsa taf da hawaye, amma bakin nan nasa bai bari ba. Ya ce, "Ka makara, Usta, shayinka ya huce tun wata bakwai." Babanka yana haki ya ce, "Zauna, jahili, in koya maka kallon shiri. An nuna maka gawarsa? Tsohon nan zai bi layin dogo ya riga su isa teku, ka rubuta ka ajiye." Aka kaure da musu, har sai da liman ya aiko a ce musu za a tayar da salla. Da su aka yi asham, shi a kan kujera.

Wajen hawowa sun so su ɗauke shi, ya ƙi, sai a hawa na ƙarshe ya dafa kafaɗar Ragab. Da na rufe ƙofa ya ce, "Insaf, kin ɗauka daga baranda ban hango ki a shagon Hilmi ba?" Na ce to me ya hana ka magana? Ya ce yana jira ne ya ga wa zai fara karaya, shi ko ni.

Don haka ka gaya wa dillalin gidajen nan ya nemi wasu, mu ba ma tashi. In kana son yi wa babanka abin Sallah, ka aiko masa da takalmi lamba arba'in da uku, mai kaurin ƙasa. Ka sayo kala ɗaya har biyu, don na duba na jiya da safen nan, ƙafar dama ta riga ta fara cinye bakinsa, kuma ya ce yau ma zai sauka.

Allah ya kai mu Sallah lafiya, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka har kullum,
Insaf