Kumbo Mai Mutum Ɗaya

Kafanchan, Laraba, 12 ga Maris, 1975

Ƙafar ta kumbura kuma, amma na lallaɓa na je wurin abokina Yakubu, tsohon direban jirgin ƙasa, tunda idonsa ya tafi gaba ɗaya. Na ba shi labarin littafin Turancin nan da nake karantawa, na kumbo mai tafiya tsakanin taurari shekara da shekaru. Ya fi tasharmu ta jirgin ƙasa girma, amma mutum ɗaya tak ke cikinsa. Inji ke yin komai, har magana yake yi.

Ya ce, "Bulus, wa ke zuba masa kwal?"

Na ce ba ya cin kwal.

"To, ba fayaman ke nan. In direba ya yi gyangyaɗi, wa zai zungure shi?"

Na ce inji zai yi ƙara. Ya yi tsaki, ya ce, "Inji bai san mai barci da matacce ba. Kai da ƙotar shebur kake tashina, mugun mutum." Muka yi dariya har tari ya sarƙe mu. Shekara goma sha tara yana tuƙi, ni ne fayaman ɗinsa mai zuba wa jirgi kwal, kafin dizal ya zo a ce ba a bukatar irina.

Da zan tafi ne ya faɗa mini ɗansa zai ɗauke shi zuwa Kaduna ran Asabar, ya koma can da zama. Na ce Ubangiji ya kiyaye hanya.

Shi kaɗai ke aiko a duba ni in ban leƙa ba. Daga Lahadi, in ban farka ba, ban san kwana nawa za a yi kafin wani ya tura ƙofar nan ba.