Tankin da Ban Buɗe Ba

9 ga Oktoba

Uwargidana Vinka,

Gaisuwa mai yawa da kewa. Ina fata kina lafiya, kuma tsohuwar nan ta Trieste da kike jinya ta rage miki fitina. Ya ciwon bayan? Mu nan sai godiya. Mahaifiyarki ta ce in gaya miki tana shan maganinta na zuciya. Ni kuma ina gaya miki sai na tsaya a kanta kamar ɗan sanda take haɗiyewa.

Albishirinki, na sayi jirgin ruwan marigayi kum Stipan, wato uban baftismar 'yarmu. Yanzu in ciwon Mama ya tashi, ba sai mun zauna jiran babban jirgin da ke zuwa tsibirin nan Talata da Juma'a ba. Awa ɗaya da kwata, na sauke ta a birni. Na ce miki ki je ki yi aikinki zan kula da ita, to ga shi kin gani.

Da Perina matarsa za ta miƙo mini makulli sai da ta yi kuka. Ta ce tankin cike yake da dizal, shi ya cika shi da hannunsa ana jibi zai kwanta ciwon ajali, yau shekara uku ke nan. Ta ce, "Jerko, man nan ba ya cikin ciniki. Kyautar kum ɗinka ce."

Roko bakanike ya zo ya shinshina bakin tankin, ya yatsine fuska. Wai robar murfin ta mutu, ruwan sama ya daɗe yana shiga, in zuƙe man duka in wanke ciki. Na ce masa shi ai ko ruwan baftisma aka ba shi sai ya ce a tace. Ki duba fa, jirgin a ƙarƙashin tagar Perina yake ɗaure, kullum tana zaune a wurin. Mutumin da ya tsaya mana ranar aure, ya riƙe 'yarmu a coci, in kwashe kyautarsa a bokiti matarsa tana kallo? Wallahi ba zan iya ba, kuma garin nan ba zai manta mini ba.

Mama tana gaishe ki. Ki riƙa sa safa mai kauri.

Mijinki,
Jerko

20 ga Nuwamba

Vinka tawa,

Ina gaisuwa, da fatan kin warke daga murar. Mama da sauƙi, sai dai ƙafafun sun ɗan kumbura.

Injin ya yi mini tari ranar Asabar ina dawowa daga ɗaga raga, ya mutu. Na kwance filta na same ta cike da wani baƙin yauƙi mai wari. Na sa sabuwa, ya tashi lafiya lau. Roko ya ɗebi man a kwalba ya kawo mini har gida: ruwa a ƙasa, dauɗa a tsakiya, mai a sama. Ya ce muddin teku a kwance take, ƙazantar ma a kwance take, amma ranar da iskar kudu ta girgiza tankin zan gane kurena. Ya kira ni jaki a gaban Mama, ni ma ban raga masa ba.

Kada ki tayar da hankalinki. Perina za ta tafi wurin ɗanta a Zagreb hutun Kirsimeti, tana juya baya zan wanke shi. Mama ma cewa ta yi in bar baiwar Allah ta tafi tukuna. Na sayi filta biyu na ajiye. Wata guda ne kawai.

Naki,
Jerko

16 ga Disamba

Vinka,

Ina fata kin isa lafiya. Ban san yadda ake tambayar lafiyar wanda ya binne uwarsa ba, amma ina tambaya.

Kwana huɗu kika yi a gida. Kowa yana ce miki iska ce, ikon Allah ne. Kin karanta wasiƙuna, kin san ba iska ba ce kaɗai, amma ba ki tambaye ni komai ba. Da zagina kika yi da na fi samun sauƙi. Na kasa faɗa miki ido da ido, shi ya sa nake rubutawa.

Da safiyar Laraba ta faɗi a kicin. Nas ta ce in ba a kai ta asibiti cikin awa biyu ba, to babu abin da za ta iya. Muka kwantar da ita a jirgi, nas a gefenta. Iskar kudu tana kaɗawa, amma na sha ratsa wadda ta fi ta. Mun ci rabin hanya injin ya mutu. Na sa filta ta farko, ya yi minti goma ya sake mutuwa. Ta biyu ko minti biyar ba ta yi ba. Na cire bututun ina busawa da baki, ina zuƙa ina tofarwa, ina zagin inji, ina zagin Stipan a kabarinsa, Allah ya yafe mini. Muna hango benayen birni, ruwa yana ta jan mu gefe.

Can Mama ta kira ni. Ta ce, "Jerko, bar injin nan haka. Zo ka riƙe mini hannu." Na ce hannuna duk mai ne. Ta ce in kawo a haka. Ta tambaya ko an rufe wa kaji, na ce an rufe. Sunanki ta kira sau biyu. Ƙarfe ɗaya da wani abu ta cika, sai dab da ƙarfe uku wani jirgin masunta ya ja mu.

Kada ki ce ai ita ma ta ce in jira. Ita ba ta san inji ba, ni na sani.

Jiya ni da Roko muka zuƙe tankin, nan inda yake ɗaure. Aikin bai kai awa biyu ba, na duba agogo. Muna cikin kwashe baƙar lakar Perina ta sauko, ta leƙa bokitin, ta tambayi mene ne wannan. Na gaya mata duka, har dalilin da ya sa na jira. Sai ta ce, "Haba Jerko. Da ka gaya mini, ai ni zan riƙe maka bokitin."

Ban ce ki yafe mini ba, ban kuma ce ki dawo ba. Ina nan gida, duk abin da kika yanke ki rubuto.

Mijinki, in har kin yarda,
Jerko