Guɗar Yaya Raki

Whalley Range, Manchester

Zuwa ga Yayata Raki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan, da ɗana Zayd da kike riƙe mini. Yaya ciwon gwiwar? Allah Ya ƙara sauƙi.

Yaya, kunya ce ta hana ni ɗaukar wayarki, shi ya sa na rubuto.

Ni na jawo. Ni na ce miki bayan shekarun da na ɓata ina bin gidajen wasan kwaikwayo a garin nan, yau dai za a ji bakina a kan dandamali. Wasan tarihin wani ɗan Japan ne, Morishita, wanda ya tsufa a finafinan Amurka tun zamanin da hoto ba ya magana. Kullum yaron gida yake fitowa: ya shigo da tiren shayi, ya rusuna, ya fita. Ko sunansa ba sa rubutawa. Daraktarmu har hawaye ta yi da take ba mu labarinsa. Ni aka ba ni matsayin amininsa, leburan da ke ɗaukar masa kaya, da jawabi shafi guda. Ana gobe za a fara ta yanke jawabin, wai wasan ya yi tsawo. Na kasa gaya miki.

Ranar da aka fara wasan, sai ga ku daga Birmingham, har da Zayd, mota guda, cikin anko. Ina shigowa da akwati a ka, kika rangaɗa guɗa a zauren da ko tari ba a yi. Turawa suka tuntsire da dariya. Na ajiye akwatin, na rusuna, na fita. Kuka zauna har ƙarshe kuna jiran in dawo. Ta bayan labule na hango Zayd ya sunkuyar da kai, bai ƙara ɗagowa ba.

Wallahi ba haushinki nake ji ba. Na kaina nake ji, da na mutanen da suka tafa wa Morishita suna share ƙwalla, alhali ga ni a gabansu ana yi mini irin abin da aka yi masa.

To, ga maganar. Wata mai zuwa wasan zai zo Birmingham. Da har an shirya cire ni, tunda akwati kowa ma zai iya ɗauka. Sai masu sharhi a jarida suka yaba dariyar nan, sun zaci da gangan aka tsara ta. Jiya darakta ta kira ni ta ce in za a samu guɗar a kowane wasa, ina nan. In babu, an sallame ni.

Na rantse wa kaina ba zan roƙe ki ba. Ga shi ina roƙo, don ban iya wata sana'a ba, kuma furfura ta fito. Muryarki za a ji a wasan, Yaya, ba tawa ba. Ki zo ki yi. Amma don Allah ki bar Zayd a gida.

Ki gaida maigidan da maƙwabta.

Ƙaninki,
Gimba