Gwajin Kumfa Yana da Mai Shi

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ɗakin Gwajin Sabulu da Kayan Shafa,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa gare ka da ma'aikatanka.

Ni ne Hassan Nomau, mutumin Cadakori. Aji biyu na yi a kwalej, mahaifina ya rasu, na baro lakol. Babu wanda ya kama mini hannu. Na koyi dafa sabulu da toka da man gyaɗa, na kafa rumfa a Gidan Rumji, na aurar da ƙannena, na karanta littattafan haɗa magunguna da ƙamus a gefe.

Na ɗaya. Shekarar da muka samu 'yancin kai aka cika kasuwanni da man laushin gashi na kwalba. Wani ya gyara kitso, wani ya ƙona fatar kai, don sinadarin laushin ya yi yawa. Ni na lura sinadarin nan ba ya shiri da sabulu: da sun haɗu kumfa ta mutu, ruwa ya tsinke kamar nono. Sai in narka man a ruwan zafi, in kwashe maiƙon da ya taso, in riƙa ɗiga ruwan sabulu ina girgizawa. Yawan ɗigon da ya sha kafin kumfa ta tsaya, shi ne yawan sinadarin.

Na biyu. Da ƙafata na kawo muku wannan hanya. Kun gyara ta, kun sa mata ma'aunin gilashi, ban musa ba. Damina biyu na yi ina aiki a ɗakinku, sannan aka ce kujerar ta mai babbar takarda ce. Ban kai ƙara ba. Amma wallahi har yau in na ji kwalabe sun gogi juna, zuciyata can take, bakin tagar gabas, inda nake ɗaga kwalba in duba kumfa a hasken hantsi. Na yi kewar ɗakin nan, ranka ya daɗe.

Na uku. Ran kasuwar Agiye wani ma'aikacinku ya gwada man gashin da na kasa don sayarwa. Mutum mai ladabi. Ya yi mini bayanin gwajin dalla-dalla, ya ce wani Bature ya bar muku shi. Ina tsaye, ina kallonsa yana girgiza kwalbar daidai yadda nake yi. 

Allah ya ƙara maka girma, ya sa ka gama lafiya. Kujera ta wuce, ba ita nake nema ba. Abu guda ne: duk inda ake koyar da gwajin nan, a rubuta Hassan Nomau, Cadakori, kuma a faɗa da baki tun ina raye.

Wassalam.