Sai Paparoma Ya Sake Ka

Yaya Fada,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Mama? Ni lafiya lau, wanke-wanken gidan abinci ne kawai ya farfasa min hannu.

Wai za ka ajiye aikinka na Fada, limamin coci, ka yi aure, in bi maka takardar neman sakinka a nan garin Paparoma? Na karanta dokar da kaina, Paparoma kaɗai ke iya sakinka.

Ka tuna ranar da ka hana a shigo da gawar Baba coci, don bai yi auren coci ba? Mama na kuka, ka ce, "Doka daga sama take, ba ni da iko."

To, ni ma ba ni da iko, Yaya. Allah ya sa amsa ta riga furfurar amaryarka zuwa.

Ƙaninka.