Hijabina a Sarƙar Babur

Assalamu alaikum, ƙanwata Rabi.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya gida, ya maigidan da yara? Mu nan sai godiya, Inna ma ta ji sauƙi.

Ranar kasuwar Gummi Malam ya ɗauke ni a babur. Ashe da ya gyara sarƙa, bai mayar da murfinta ba. Muna shiga kasuwa ta cafke bakin hijabina, ta fizge shi har da ɗankwali. Allah ya tsare wuyana, amma na tsaya tsakiyar maza kai buɗe. Wata mai nono ta lulluɓa mini mayafinta, ta ce, "Rufa, yaya, ba wanda ya gani." Wallahi kowa ya gani, Rabi.

Ke da kike hawa kullum, ki duba murfin nan, ki tattare hijabi bisa cinya kafin a tashi.

Mayafin yana nan na wanke, kunya ta hana ni komawa in mayar. Ki sa ni addu'a, haƙƙin mutane ne. A gaida kowa da kowa.

Yayarki,
Asabe