Ni Ne Na Goma a Takardar

Gwaggo mai shawara, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle.

Ni direban motar ɗaukar marasa lafiya ne a wani kamfani mai zaman kansa, shekara goma sha ɗaya ke nan. Mu goma sha tara ne, mota biyar, biyu daga ciki sai da turi suke tashi. A ofishinmu akwai wani farin allo kusa da ƙofa, a nan Oga yake rubuta sunan kowa da ranar aikinsa. Babu wata takardar ɗaukar aiki, allon nan shi ne komai. In ka zo da safe ka ga sunanka, to kana da aiki.

Abokin aikina tun ranar da na fara, muna kiransa Kafaɗa, don duk inda aka zo sauko da mara lafiya daga bene shi yake kama gefen da ya fi nauyi. Shekara uku muna roƙon a sayo kujerar saukowa daga bene, kullum amsar ita ce wata mai zuwa. Watan jiya muna sauko da wani bawan Allah mai jiki daga hawa na uku, a kwanar matattakala na ji bayan Kafaɗa ya yi ƙara. Bai saki gadon da muka ɗauko mutumin a kai ba sai da muka kai ƙasa. Da ya kwana takwas a kwance, a gabana Oga ya sa babban yatsa ya goge sunansa, yana waya yana dariya. Wallahi ni makullin motata kawai na ɗauka na fita.

To daga nan wata nas tamu da muke kira Barkono, kin dai ji sunan, ta fara yawo da takardar shiga ƙungiyar ƙwadago. Sai fiye da rabinmu sun sa hannu za a saurare mu. Tara sun sa, takwas sun ƙi, Kafaɗa kuma ba a lissafa shi. Saura ni, kuma ranar Alhamis za ta miƙa.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Maiɗakina tana wankin ƙoda Talata da Juma'a. Oga ne ya tsara mini aiki yadda nake samun kai ta, har ya ce in mota ba kowa a ciki in ɗauko ta a kwance, don bayan wankin ba ta iya zama. Ba a rubuce yake ba, kirki ne kawai ya yi mini. Yanzu ya tara mu ya nuna cewa in ƙungiya ta shigo, komai zai koma bisa doka, babu alfarma ga kowa. Da ya zo kan kalmar alfarma, ni ya kalla.

Ni ma ina da shakku a kan ƙungiyar. Na ga shugabannin da aka zaɓa suka yi tumbi suka manta hanyar gareji. Kuma in aka ce yajin aiki, ni zan ji wayar mai naƙuda in kashe? Amma kuma na gaji, Gwaggo. Bayana ni ma ya fara magana. Barkono ta daina gaishe ni, gidan Kafaɗa kuma na kasa zuwa don kunya. Ko jiniyar motata na kunna, sai in ji kamar da ni take. In sa hannu ko in bari?

Direba Mai Ciwon Baya

*

Ɗan'uwana Direba, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba maiɗakinka lafiya.

Shakkunka ba na banza ba ne. Ƙungiya tana zuwa da nata nauyin: taro, gardama, tsarin aiki mai tsauri wanda ba ya lanƙwasuwa don matar wani, da shugabannin da sai an sa musu ido. Kuma aikinku ba na masaƙa ba ne da za a kashe inji a tafi gida. Kafin ka sa hannu, kana da haƙƙin ka tambayi Barkono a fili: in an yi saɓani da kamfani, wa zai ɗauki kiran gaggawa? Ƙungiyar da ba ta da amsar wannan ba ta shirya ba.

Ogan naka kuma ba zan zage shi ba. Ya yi maka alheri, ka gode masa. Amma alherin da aka tuna maka da shi a gaban taro ya fara zama igiya a wuya.

Kuskurenka ɗaya ne: ka ɗauka zaɓi biyu kawai kake da su, ko matarka ko abokan aikinka. Ka ɓoye zancen Talata da Juma'a kamar abin kunya, alhali shi ne ya fi cancanta ya shiga takardar. Gobe ka sami Barkono ka gaya mata komai, ka nemi a sa a jerin buƙatu cewa duk mai jinyar iyali yana da damar musayar ranar aiki. Zan yi mamaki in a cikin takwas ɗin da suka ƙi babu masu irin sirrinka, kowa yana riƙe da tasa alfarmar a ɓoye yana tsammanin shi kaɗai ne.

Sannan ka zauna da maiɗakinka, jikinta ne, ita ma tana da ta cewa. Ku nemi wata hanyar kai ta asibiti ta wata ɗaya ko biyu, ko ta wajen ƙannenka ko surukai, don kada Talata ta zo ta same ku ba shiri. Ka kuma binciki abin da dokar ƙwadago ta inda kake ta tanada game da korar mai shiga ƙungiya. Kuma ka je gidan Kafaɗa yau, ba gobe ba. Shekara goma sha ɗaya yana kama maka gefen da ya fi nauyi.

Ba ni zan riƙe maka biro ba. Amma tunda ka tambaye ni, in an amsa maka waɗannan, ni da zan sa hannu. Ranakun wankin ƙodar matarka a kan allon nan suke, da irin tawadar da aka rubuta sunan Kafaɗa, kuma ka ga yadda yatsa ɗaya ya yi da shi. Ranar da bayanka ya kwantar da kai kwana takwas, wa zai kai ta?

Allah ya sassauta maka, ya tashi kafaɗun Kafaɗa, ya sa Alhamis ta same ka da zuciya ɗaya.

Gwaggonku